Silin ya tsage wuri uku: wanne ne aikin mai fenti, wanne ne na injiniya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi gida mai bene hawa ɗaya a Kano, ginin ya kai shekara 12. Bayan daminar bana na lura da tsaga a silin wuri uku. Ta farko a ɗakin kwana na sama, inda silin POP ne; siririya ce ƙwarai, ta miƙe samɓal. Ta biyu ita ma a sama, kusa da bango, amma akwai tabo ruwan ƙasa kewaye da ita. Ta uku a falon ƙasa take, inda dekin ne aka yi wa filasta, daidai ƙarƙashin banɗakin sama. Wannan har ɗan yashi take zubarwa, kuma akwai jan tabo a bakinta. Mai fenti ya ce duka ukun foti ne da fenti, kwana ɗaya ya gama. In bar shi ya yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya sanya albarka a gidan, ya sa a zauna lafiya. Kada ka bar shi ya taɓa ta ukun nan. Ta farko ce kaɗai aikinsa, ita ma ba yanzu ba. Ta biyu sai an hau rufi an tsayar da yoyo kafin a zo kanta. Ta falo kuwa, tun yau a janye kujeru da wurin wasan yara daga ƙarƙashinta, a daina wanka a banɗakin da ke samanta, sannan a nemo injiniyan gini ya zo ya gani da idonsa. Ba cewa nake dekin ɗinka zai rufta gobe ba. Akasarin irin wannan ana gyarawa a ci gaba da zama. Amma banɗaki a sama, jan tabo, da yashi mai zubowa, in suka haɗu wuri ɗaya, kusan kullum labarinsu ɗaya ne: ruwa ya kai ga rodi.

Abin da ya sa na raba su shi ne, POP ɗin sama rataye yake. Ba ya ɗauke da komai sai nauyin kansa, kuma ko an sauke shi gaba ɗaya gidan na nan tsaye. Dekin ɗin falo kuwa shi ne ƙasan ɗakunan sama. Dekin mai kaurin inci 6, wato milimita 150, kowace murabba'in mita ɗaya tasa tana da nauyin kusan kilo 360, tun kafin a shimfiɗa tayil, a ɗora bango, a shigo da gado. To tsaga a jikin abin da ke ɗauke da wannan nauyi a kan iyalinka ba a auna ta da ma'aunin kwalliya.

Bari in daɗe a kanta, don ita ce mai haɗari. Kankare yana jure danni sosai, amma ba ya jure ja. Idan aka ɗora wa dekin kaya, samansa ne ke matsewa, ƙasansa kuma yana buɗewa, shi ya sa ake shimfiɗa rodi a ƙasa-ƙasa domin ya riƙe wannan jan. Siminti yana da wani kaifi irin na ruwan toka wanda ke hana ƙarfe tsatsa, muddin rodin yana lulluɓe da isasshen kankare. A dekin ɗin gida ana son wannan lulluɓi ya kai milimita 20 zuwa 25, kuma shi ne amfanin ƴan gutsattsarin kankaren nan da ma'aikata ke kira biskit, waɗanda ake sawa ƙarƙashin rodi kafin a zuba. A wurare da dama ba a sa su, ko kuma a sa, leburori su tattake rodin da kwanon sarki a ka har ya kwanta a kan katako. Rodin da ya kwanta haka filasta ce kaɗai tsakaninsa da iska. Da zarar danshi ya riƙa ratsowa daga banɗaki, sai ya soma tsatsa, ita kuma tsatsa tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta cinye, ninki biyu har zuwa shida. Tana kumbura, tana tura kankare ƙasa, sai tsaga ta bayyana a miƙe tana bin layin rodin. Jan tabon da ka gani ruwan tsatsar ne, yashin kuma kankare ne da filasta da suka fara sakin jiki. Idan aka toshe bakin da foti aka shafa fenti, ruwan bai daina zuwa ba, an dai hana shi fita, an kuma hana ka ganin abin da ke gudana.

Akwai gwaje-gwajen da za ka iya yi da kanka kafin injiniya ya iso, kuma za su taimaka masa. Ka samu doguwar sanda ko ƙotar guduma, ka tsaya a gefe, ba daidai ƙarƙashi ba, ka riƙa ƙwanƙwasa silin a hankali daga nesa da tsagar kana matsowa. Inda filasta ke manne da kankare za ka ji ƙara mai ƙarfi, a dunƙule. Inda ta saki za ka ji wurin fanko ne. Ka zagaye duk inda ya yi fanko da alli. Kada ka raina shi: filasta mai kaurin milimita 15, murabba'in mita ɗaya tata ta kai kilo 30, kuma daga tsayin mita uku take faɗowa.

Sai faɗin tsagar. Takardar rubutu kaurinta kusan milimita 0.1 ne, katin ATM kuma 0.76. Ƙa'idojin zanen kankare mai rodi da injiniyoyinmu ke aiki da su sun tsayar da iyakar tsaga a milimita 0.3 a yawancin gine-gine. Ke nan idan aka ɓamɓare filasta aka ga tsagar tana cikin kankaren kansa, kuma katin ATM yana shiga, ta ninka iyakar fiye da sau biyu. Idan kuwa an ɓamɓare aka tarar kankaren lafiya lau, a filasta kaɗai ta tsaya, to ka gode wa Allah, aikin ya yi sauƙi.

Yadda tsagar ta kwanta ma yana magana. Wadda ta tashi daga wurin fanka ko ƙwan lantarki ta miƙe zuwa bangon da makunni yake, galibi fayif ɗin wayarin take bi, domin kankaren ya yi siriri a ƙarƙashinsa. Ba ta cika zama abin tsoro ba in babu ruwa. Ƙananan tsage-tsage masu sarƙewa da juna, kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe, na filasta ne da ta bushe da gaggawa ko aka cika mata siminti ko aka yi ta da yashi mai laka. Waɗanda ke tayar mini da hankali su ne doguwar tsaga a tsakiyar ɗaki wadda ta bi tsawonsa, da waɗanda suka taso daga kusurwoyi suka nufi tsakiya. Wannan alama ce ta dekin da kaya ya fi ƙarfinsa. Idan akwai bim a falon, wato kankaren nan mai kauri da ke kwance ƙarƙashin dekin yana tallafe shi, ka duba gefensa da tocila. Tsaga a tsaye a tsakiyar bim lanƙwasa ce. Tsaga a karkace kusa da inda bim ya hau ginshiƙi ko bango ta fi kowacce muni, domin irinta ba ta cika yin dogon gargaɗi ba. Wanda ya ga wannan ya fitar da mutane daga ɗakin a ranar.

Ka kuma ja zare daga wannan bango zuwa wancan, ɗan ƙasa da silin kaɗan, nisa ɗaya a kowane gefe, ka auna tazarar tsakiya. Abin da aka yarda da shi shi ne kada lotsawar ta wuce kashi ɗaya cikin 250 na faɗin ɗakin. A falo mai faɗin mita 4, milimita 16 ke nan. Filasta kan ɓoye wani abu ta ƙara wani, don haka wannan awo ba hukunci ba ne, amma idan ido ma yana ganin silin ya yi ciki, ba sai an jira zare ba.

Daga nan ka hau sama ka dubi abin da ke kan falon. Tunda sayen gidan ka yi, ka tambayi maƙwabta ko an taɓa canza fasalin benen. Sau da yawa banɗakin sama ƙari ne da aka yi daga baya: a yanki wani ɓangare na ɗaki, a ja bangon bulo a kan dekin inda babu bim ko bango a ƙasa, a fasa kankare a zura fayif, wani lokacin har a datse rodi. Bango mai tsawon mita 4 da tsayin mita 3 yana cin bulo kusan 120, kuma da filastarsa nauyinsa ya haura tan 2. Tankin ruwa mai lita 1,000 tan guda ne cur idan ya cika. Ɗakin zama kuwa ana zana shi ne bisa kimanin kilo 150 zuwa 200 a kowace murabba'in mita. Wannan ne ma ya sa nake hana mutane mayar da ɗakin bene rumbu. Buhun masara mai kilo 100 a jera biyar a kan juna, an ninka abin da aka tanadar wa wurin sau da yawa, kuma ana yin haka ne da kaka, a bar shi wata da watanni.

Wani ciwon kuma tun ranar zubi aka haife shi. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka zana shi a kai, kuma yana buƙatar a riƙa ba shi ruwa aƙalla mako guda na farko. Inda aka cire gorar tokara da wuri don a kai ta wani aiki, ko aka tsuga wa kwaɓi ruwa don ya yi saurin malala, ko aka rage siminti daga awon da aka saba na siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, dekin yakan lotsa tun yana sabo, ya yi ƴan tsage-tsage a ƙasa. Shekaru za su wuce ba a ga komai ba, sai ranar da ruwa ya sami waɗannan hanyoyi.

Abu ɗaya ya rage a duba kafin a ɗora wa banɗaki laifin duka, shi ne ƙasa. Ka bi tsagar da ido zuwa bango. Idan ta sauko jikin bango, musamman a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko tana hawa-hawa tana bin layin bulo, kuma ƙofofin wannan ɓangare sun soma cijewa, to harsashin ginin ne ke motsi, silin ɗin biyo baya ya yi. A Kano wannan ba baƙon abu ba ne, domin filaye da yawa tsofaffin kududdufai ne da aka cike da shara da ɓaraguzai aka gina a kai. Sokawe da aka haƙa dab da bango, ko ruwan indararo da ke zuba a gindin gini shekara da shekaru, su ma suna sa gefe ɗaya ya zauna. A Borno da wasu sassan Gombe da Adamawa kuma akwai baƙar laka mai kumbura da damina ta tsuke da rani, gini ya riƙa hawa da sauka tare da ita. Hukumar binciken gini ta Ingila, BRE, tana da wani rabe-raben tsagar bango da ake amfani da shi a ƙasashe da dama: abin da bai wuce milimita 5 ba gyaran kwalliya ne, daga 5 zuwa 15 sai an buɗe an yi aikin magini, daga 15 zuwa 25 sai an rushe wani sashe an sake, abin da ya haura 25 kuwa tsayuwar ginin ce ke cikin haɗari. Ka lura wannan na bango ne. Ba a auna dekin da shi.

Tsaga kuma ko dai ta mutu ko tana da rai, kuma wannan ne ke yanke irin gyaran da za a yi. Ka ja layi da fensir a ƙarshen kowacce, ka rubuta kwanan wata a gefe. Ka kwaɓa ɗan POP ka manna shi siriri a kan tsagar wuri biyu ko uku. Idan ya fashe, tana motsi. Ka ɗauki hoto da waya kowane mako biyu, da abin awo a jikinta. Tsagar da ke buɗewa da hunturu ta rufe da damina tana bin yanayi ne kawai. Wadda kullum gaba take yi ba ta dawowa, ita ce ake gudu. Wannan sa ido na ta farko da ta biyu ne da kuma na bango. Ta falo ba za a zauna ana kallonta wata shida ba.

Game da wanda za ka kira: injiniyan da ya ƙware a ƙarfin gini, mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya. Ina girmama birkiloli, da hannunsu ake yin gyaran ma, amma lissafin ko rodin da ya saura zai iya ɗaukar kayan ba aikinsu ba ne. Injiniya zai sa a buɗe wurin, ya auna kaurin rodin da tsatsa ta bari, ya gwada ƙarfin kankare da gudumar gwaji, in ta kama a yanko ɗan gunduwa a kai ɗakin gwaje-gwaje. Ka nemi ya rubuta maka abin da ya gani da abin da za a yi, da sa hannunsa. 

Gyaran kansa ga yadda yake tafiya idan tsatsa ce. Farko a tokare dekin daga ƙasa da ƙarfen tokara ko gora mai ƙwari, a sa faffaɗan katako sama da ƙasa don kada nauyi ya taru wuri ɗaya. Sannan a kashe tushen ruwan. A banɗaki wuraren zargi su ne bakin magudanar ƙasa, gindin masai, tsakankanin tayil, da fayif ɗin da aka binne a bango. A rufe duk famfunan gida da dare a sa alama a tanki. In ruwa ya ragu da safe, fayif ne. In bai ragu ba, a toshe magudana a tara ruwa kaurin yatsa biyu a ƙasan banɗakin, a kwana, a duba ƙasa. Yawanci ƙarshenta sai an ɗaga tayil, an gyara gangara ta nufi magudana, an shafa maganin hana ruwa ko an shimfiɗa kwalta har ta hau bango kamar taƙi ɗaya, an sake gwadawa da ruwa, kafin a mayar da tayil.

Daga ƙasa kuma a sassaƙe duk kankaren da ya saki, a bi rodin hagu da dama har a kai inda yake fes babu tsatsa, a kuma rarake bayansa yadda yatsa zai zagaya shi. Wannan rarakewar ita ce ma'aikata suka fi ƙi, domin aiki ne na ɗaga kai da ciwon wuya, amma tsatsar da aka bari a bayan rodi ita ce ke dawo da tsaga. A goge ƙarfen da buroshin waya har ya yi haske. Idan ya sirance sosai, injiniya zai sa a haɗa masa sabo, da tsawon haɗin da shi zai faɗa. A shafa masa maganin tsatsa na rodi, ba fentin mai na ƙofa ba, don kankare ba ya kama fentin mai. A jiƙa tsohon kankaren, a shafa ruwan siminti da aka haɗa da sinadarin manni, sannan a cike da kwaɓin gyara tun shafin bai bushe ba, hawa-hawa, ba a danƙara shi lokaci ɗaya ba. A riƙa yayyafa masa ruwa mako guda. Tsagar da babu tsatsa a cikinta kuma ta daina motsi ana iya ɗura mata gam na musamman mai haɗe kankare. Idan kuwa lissafi ya nuna dekin ɗin bai isa ba tun asali, sai dai a rage masa kaya, ko a sa masa bim na ƙarfe a ƙasa, ko a sare wannan ɓangaren a sake zubawa. Ba a cire tokara sai injiniya ya ce.

Yanzu ta biyu, mai tabo ruwan ƙasa. Yoyo ne, sai dai ka sani inda tabo ya fito ba lallai nan ruwan ya shigo ba. Yakan bi katakon rufi ya gangara mita biyu ko uku kafin ya ɗiga. Tunda kusa da bango take, zargina na farko magudanar rufi ce, musamman in gidan irin wanda aka ɓoye kwanonsa a bayan katanga ne. Ƙurar hunturu da leda da ganyen darbejiya suna toshe bakin fayif, ruwan Agusta ya taru ya haura ya shiga ƙarƙashin kwano. Sai kuma inda kwano ya haɗu da bango, da ƙusoshin da robarsu ta ƙone da rana, da ambaliyar tanki, da tiyon na'urar sanyaya ɗaki. A kashe wutar gidan, a shiga cikin silin da safe kafin kwano ya ɗau zafi, a taka kan katako kaɗai, kada a kuskura a taka POP. A kashe tocila a duba inda haske ke shigowa, sannan wani ya hau da tiyo yana zuba ruwa daga ƙasan rufin yana yin sama, na ciki yana kallo. In an shiga aka tarar da kashin jemagu tuli a wurin, to fitsarinsu ma yana yin irin wannan tabo, maganinsa a kore su a toshe kafar da suke shiga da raga.

POP da ruwa ba sa shiri. Ka danna wurin tabon da babban yatsa ko bakin sukundireba. In ya yi laushi ko yana marmashewa, ba ya ɗaukar faci. A yanke shi har inda yake da ƙwari, a sa sabo a ɗaure shi daga sama. A duba katakon da yake rataye a jiki, domin inda danshi ya zauna gara na biye. Katakon da ta ci a canza shi, sabon kuma a shafe shi da maganin gara kafin a kafa.

Ta farkon, siririyar da ta miƙe, kusan tabbas mahaɗar allo biyu ce. Tsakanin kwano da silin zafi ne mai tsanani da bazara, ga sanyi da bushewar hunturu, katako yana miƙewa yana tsukewa, musamman in ɗanye aka yi aiki da shi, mahaɗa kuma ita ce wuri mafi rauni. Duk da haka tunda za a shiga sama, a duba ko wayar rataya ko filas, wato zaren da ake tsomawa a POP a ɗaure allon da shi, ya tsinke, a kuma tabbatar fanka da fitila mai nauyi a jikin ƙarfe ko katakon rufi suke, ba a jikin POP ba. In gefe ɗaya na tsagar ya fi ɗaya saukowa, rataya ce ta saki, sai an ɗaga an ɗaure kafin a cike.

Cikewar ba wuya, amma shafa foti a kan fenti ba ya kai wani hunturun. A buɗe tsagar da wuƙa ta yi ɗan kwari, a kakkaɓe ƙura, a ɗan jiƙa bakin. A kwaɓa POP kaɗan-kaɗan, ana barbaɗa garin a cikin ruwa, domin cikin ƴan mintuna yake kamawa, kuma wanda ya fara kamawa ba a ƙara masa ruwa a ci gaba da shi. A cusa shi ciki sosai, a manna siririyar ragar nan ta mahaɗa a kai, a bi da shafi biyu marasa kauri, na biyun ya fi na farko faɗi. Daga sama a ƙara filas da aka tsoma a POP a kan mahaɗar. In ya bushe a goge da samfefa. Tsagar da ke bin layin da silin ya haɗu da bango kuwa abin cikewa mai taushi take so, irin wanda fenti ke kamawa, don wurin ba zai daina ɗan motsi ba. Tabon ruwa kuma yana hudo fentin ruwa ko sau nawa aka shafa. Sai an fara rufe shi da fentin mai na share fage, ya bushe, sannan a bi da na ɗakin.

In akwai ɗakunan baya masu tsohon silin allo mai launin toka, a yi hattara. Da yawa daga cikin na da akwai asbestos a jikinsu, kuma shaƙar ƙurarsa na jawo cutar huhu da sankara bayan shekaru masu yawa. Kada a goge shi da samfefa, kada a yanka shi da zarto. Wanda ya fashe a jiƙa shi, a sauke shi ɗungurungum da takunkumi a fuska, a maye gurbinsa da silin roba ko wani allon.

Masu karatu da ke zaune a soron ƙasa, ku ma hanyar ɗaya ce: tsagar yaɓen ciki ba komai ba ce in azara lafiya take. A soka mata wuƙa a inda ta shiga bango, don a nan take ruɓewa. A share indararo kafin ruwan farko, a kuma tuna cewa yaɓen da ake ƙarawa a sama kowace shekara ba tare da an kankare tsohon ba nauyi ne ake tara wa azarar.

Lokacin aikin POP da fenti shi ne bayan ruwa ya ɗauke wurin ya bushe sarai, wajen Nuwamba, amma rufin a gwada shi da tiyo kafin a rufe. Filastar falo in aikinta ya zo cikin hunturu a rufe tagogi a riƙa ba ta ruwa safe da yamma, in ba haka ba iska za ta tsattsaga ta kafin ta kama. Kuma na san bayan an gama za a ba ka shawarar ka sa POP a ƙarƙashin dekin ɗin falon don ya ɓoye facin. Ka bar shi a buɗe aƙalla shekara guda ana amfani da banɗakin kana kallonsa. In daga baya ka ga lallai sai ka sa, a bar ƙaramar ƙofa daidai ƙarƙashin banɗakin, wadda mutum zai zura kai da tocila.